Ki Tambayi Anti: Zancen sa lalle a gira a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan mako, ya sanyi? Mu dai nan Jos ya fara shigowa da ƙarfinsa, da asuba ruwan randa kamar ƙanƙara, leɓe duk ya fara tsagewa. Saƙonnin da suka shigo min a 'yan kwanakin nan kusan rabinsu a kan abu ɗaya ne, wato sa lalle a gira. Wasu a TikTok suka gani, wasu a wajen masu mekup, wasu kuma sun riga sun gwada abin ya zo musu da matsala. Na ɗebo guda shida daga ciki.

Tambaya: Anti barka da aiki. Dan Allah ni girata ce bata da cika ko kaɗan musamman wajen jelar, kullum sai na zauna na ja ta da jagira kafin na fita kuma da nayi alwalar azahar shikenan ta goge. Naga ana sa lalle ya kwana biyu bai fita ba. Ya ake haɗawa a gida, kuma zai yi baƙi sosai? Daga ma'aikaciya, Anguwan Rogo.

Amsa: 'Yar uwa bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don ita ce uwar zancen. Lalle na gaskiya, ganyen nan da ake shanyawa a daka a tankaɗe, ba ya yin baƙi. Ko kwana zai yi a jikinki iyakarsa ja, ko ruwan goro, ko in ya kama sosai ya koma ruwan makuba. Akwai wani sinadari a cikin ganyen da masana ke kira lawson, shi ne yake manne wa keratin, wato abin da aka gina gashi da farce da saman fata da shi, kuma launinsa kenan ja-ja. Shi ya sa tafin hannu da tafin ƙafa suke fin kama lalle, fatar wajen tana da kauri, lallen yana samun wajen shiga. Fatar gira kuwa siririya ce ga maiƙo, don haka kar ki sa ran abin da kike gani a tafin hannunki. Abin da zaki samu shi ne wata inuwa mai ruwan ƙasa a ƙarƙashin gashin wadda take cike gurbin da babu gashi, in kina da haske zata fito sosai, in kuma ke baƙa ce mai kyau irin tawa sai an matso kusa a gani. A fata tana yin kwana uku zuwa sati, in kinyi sa'a ta ɗan wuce haka. A gashin kansa kuma launin yana daɗewa kamar sati huɗu zuwa shida, amma tunda gashin girar yawancinmu baƙi ne wuluk, sai kin shiga rana za'a ga ɗan ja-ja a jikinsa.

In kin yarda da wannan to ga yadda nake yi.

Ki samu garin lalle sabo, mai kore shar da ƙamshin ɗanyen ganye. Wanda ya koma ruwan toka-toka ya sha iska a faranti a kasuwa ƙarfinsa ya tafi. Ni nafi son in sayi ganyen in daka da kaina don nasan babu abin da aka zuba a ciki. Tankaɗe shi ne rabin aikin, rariya kaɗai bata isa ba, ki samu tsohon gyale mai shara-shara ki ɗaure a bakin kofi ki zuba garin kina murzawa da bayan cokali har ya sauka laushi kamar hoda, saboda ɗan tsinke ɗaya in ya faɗa ido zaki ji a jikinki. Cokalin shayi ɗaya ya isa gira biyu har ya yi saura. Ki dafa ruwan bunu mai kauri ki bari ya huce ya zama ɗumi, ki dinga ɗigawa kaɗan kaɗan kina juyawa har ya yi kaurin ƙullun ƙosai, wanda in kin ɗaga cokali ba zai zuba ba. Ki sa sikari ɗan mitsitsi, yana sa shi ya manne bai yi saurin farfashewa ba. Lemun tsami da mahallabiya da kika saba sawa a lallen hannu ki barsu can, kusa da ido ba wajensu ba ne, kananzir da fetur da wasu ke zubawa wai don ya kama kuwa ko a ƙafa ban yarda da su ba balle fuska.

Sai ki rufe da leda ki ajiye ya tsumu. A nan ne mutanen Jos muke shan wahala, garin nan yana kan tudu sama da mita 1,200, kuma lalle ɗumi yake so. Abin da mace a Kano ko Abuja zata kwaɓa da hantsi ta sa da la'asar, mu a watan Disamba da Janairu sai ya kwana. Ni kusa da murhu nake ajiyewa bayan an sauke girki, ko in sa kofin cikin kula mai ɗumi. Yadda zaki gane ya nuna, ki ɗiga kaɗan a tafin hannu ki bari minti biyar ki goge, in ya bar ruwan goro mai haske to ya yi.

Kafin ya je fuskarki ki gwada tukuna. Ki shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu, ki jira awa 48. In babu ƙaiƙayi babu ja babu ƙuraje sai ki ci gaba. Nasan da yawa basa yi, suna ganin ɓata lokaci ne, amma dan Allah ki yi.

Ranar sawa ki wanke girar da sabulu ki tsane ta sosai, kar ki shafa mai, maiƙo shi ne babban abin da ke hana lalle kamawa. Ki zauna gaban madubi inda akwai haske, ki zana siffar da kike so da jagira, ki bi asalin girarki kar ki ƙirƙiro wata sabuwa a sama da ita. Sai ki ɗauki basilin a tsinken goge kunne ki zagaye wajen zanen, sama da ƙasa, duk inda basilin ya taɓa lalle ba zai kama ba, wasu salatif suke mannawa irin na ƙunshi shima yana yi. Ki fara sawa daga jela ki taho tsakiya, kan girar na wajen hanci shi ne ƙarshe kuma shi zaki fara gogewa, don in ya yi duhu daidai da jelar fuska sai ta yi kamar kina fushi. Ki danna shi ya taɓa fata, kar ya tsaya a saman gashi kawai. Kan girar minti 15 zuwa 20 ya isa, sauran ki barshi minti 45 zuwa awa ɗaya. Kar ki kwanta rigingine yana busasshe yana zubowa, ki zauna, in zaki cire ki rufe idon ki sunkuyar da kai ki share da auduga mai ɗan man zaitun, daga ciki zuwa waje.

Da kin cire zaki ganshi ruwan goro fau, kar hankalinki ya tashi ki hau gogewa. Haka lalle yake, iska ce take dafa shi, cikin kwana ɗaya zuwa biyu zai yi duhu ya zauna. Nafi so ki yi bayan sallar isha'i don ya samu dare guda ruwa bai taɓa shi ba, ko a kwanakin da kike fashin sallah. Bayan haka alwala bata da matsala, sabulu da dirza da soso ne suke koɗar da shi da wuri. Ki dinga ɗan shafa man kaɗe a kai kafin wanka.

Abu ɗaya kuma, kince jelar ce babu gashi. In haka kika taso ba komai, in kuma yawan aski da reza ne ki bar ta ta huta wata uku zuwa huɗu ki gani. Amma in da tana nan daga baya ta zube, ga kasala ga jin sanyi fiye da kowa ga ƙiba ba dalili, ki je asibiti a duba miki maƙoshi, raunin aikin tayirod, wata ƙaba da ke gaban wuya, yana zubar da jelar gira, ƙarancin jini ma yana zubar da gashi.

Tambaya: Anti ina cikin damuwa wallahi. Ƙawata ce a hostel ta sa min baƙin lalle a gira, irin na ƙunshi, minti goma kawai yayi kyau sosai kowa na yabawa. Yau kwana tara kenan, tun shekaranjiya wajen yake min ƙaiƙayi yanzu ya kumbura ya tashi daidai zanen har yana ɗan fidda ruwa, saman idona ma ya fara nauyi. An ce in shafa man goge baki, wata tace in sayi kirim ɗin nan na ƙuraje a kemis. Me zanyi? Kuma ya za'ayi ace lallen ne bayan sai da yayi sati lafiya lau? Ɗaliba, Bauchi Road.

Amsa: Ƙanwata sannu, Allah ya baki lafiya. Ki ajiye komai ki tafi asibiti yau, ki nemi likitan fata in akwai, in babu ko wanne likita ne ya ganki, in idon ya yi ja ko yana zafi ko kina gani dishi-dishi to har likitan ido. Kar ki shafa man goge baki, kar ki sa lemun tsami ko toka ko tafarnuwa, fatar a ƙone take ƙara mata wuta zaki yi. Kirim ɗin kemis ɗin nan masu haɗi uku da ake saya ba takarda, yawancinsu akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid a ciki, shi kuma kusa da ido in an daɗe ana shafawa yana sirantar da fata yana iya tada hawan ruwan ido. Likita zai iya baki irinsa amma shi ya san wanne da kuma kwana nawa. Kafin ki isa, ki wanke da ruwa mai tsabta, ki jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ki dinga ɗorawa, kar ki sosa kar ki fasa. In kika ji leɓe ko harshe na kumbura ko numfashi na miki wuya, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, a kaiki sashen gaggawa ko ƙarfe nawa ne.

Kuma eh, shi ne. Abin da aka sa miki dayis ne, sunan lalle kawai ya ara. Abin da ke sa shi baƙi cikin minti goma wani sinadari ne da ake kira PPD, na rinin gashi, shi ya sa kike ganin ana haɗa shi da ruwan haidurojin kafin ya kama. Yadda yake aiki a jiki shi ne yake ruɗar mutane. Karon farko jiki bai san shi ba, sai sojojin jiki su ɗauki kwanaki suna nazarinsa, daga kwana huɗu har zuwa sati biyu, sannan su taso masa, shi ya sa kumburin yake bin zanen sak kamar an ɗora zare a kan fata. Da zarar jiki ya riƙe shi a matsayin abokin gaba kuwa ba ya mantawa har abada, karo na biyu cikin kwana ɗaya zuwa uku zai tashi kuma yafi na farko muni. Akwai matan da suka shekara goma suna dayis lafiya, rana ɗaya jikin ya juya musu. Don haka zancen ai na saba yi ba ya min komai, ba hujja ba ce.

Na gani da idona a gidan maƙwabtanmu, ana jibi sallah ƙarama. Yarinya 'yar shekara sha bakwai taje wani shago aka mata ƙunshi, mai ƙunshin tace bari ta ɗan gyara mata gira da ragowar dayis ɗin kyauta. Ta saba yin baƙi a hannu tun tana ƙarama. Ranar sallah da safe uwarta ta aiko a kirani, na shiga na tarar da ita zaune bakin katifa da sabon leshinta a ninke a gefe, fatar idanun duka biyu sun kumbura sun rufe kamar wadda zuma ta harba, sai ta ɗaga haɓa sama take iya hango mutum ta ɗan tsagin da ya rage. Girar ta yi ɓororo tana tsatsafo da ruwa rawaya yana bushewa a gashin. Abin da ya tsaya min a rai yadda take riƙe hannunta da ɗayan hannun don kar ta sosa. A asibiti muka yi idi. Ta warke alhamdulillah, idon bai taɓu ba, amma tabon baƙi a siffar girar sai da ya yi wata da watanni kafin ya baje, mu masu duhun fata dama haka ne, duk inda ya ƙone sai ya bar tabo, wani ya yi baƙi wani ya yi fari.

Kuma ba yau aka san sharrin wannan sinadarin kusa da ido ba. A Amurka a shekarar 1933 an yi wani rinin gira da gashin ido mai suna Lash Lure, PPD ne a cikinsa, mata da dama suka makance wata ta rasa ranta, yana cikin abubuwan da suka sa ƙasar ta kafa dokar sa ido a kan kayan kwalliya a 1938. A ƙasashen Tarayyar Turai ko a man rinin gashin kai ba'a yarda ya wuce kashi 2 cikin ɗari ba bayan an haɗa, kuma a jikin kwalin ana rubuta kar a sa a gira ko gashin ido. Wanda ake auna mana a ƙullin leda babu suna babu lambar NAFDAC, waye ya auna nawa ke ciki? An sha gwada baƙin lalle a ƙasashe daban daban a samu ya ninka wancan adadin sau da yawa.

Bayan kin warke ga abin da zaki riƙe. Ke da dayis har abada, a hannu ko a ƙafa ko a ina. Baƙin rinin gashi na salun shima haka, shi ne ma yafi haɗari don kai gaba ɗaya ake shafewa, fuska na iya kumbura duka. Duk inda zaki je gyaran gashi ki faɗa musu, likita ma ki faɗa masa don akwai wasu magunguna da jikin mai wannan matsalar kan iya ƙi. Har 'yan kwalayen nan na waje da aka rubuta lallen gira a jiki masu kamawa cikin minti 10 zuwa 15, da yawansu akwai shi a ciki, ki juya bayan kwalin ki karanta, in kinga PPD ko p-Phenylenediamine ki ajiye. Ƙawarki kuma kar ki riƙe ta a rai, bata sani ba ne, amma ki nuna mata wannan shafin kafin ta sa wa wata.

Masu ƙunshi da ke karanta mu, dan girman Allah ku daina kai dayis fuska, kuma ku ɓoye shi inda yara basa kaiwa. In yaro ya haɗiya yana kumbura maƙogwaro ya toshe numfashi ya lalata ƙoda, a Sudan da Maroko likitoci sun san wannan gubar sosai.

Tambaya: Anti shin lalle a gira yana hana alwala? Kuma baya cikin canza halitta? Uwar gida daga Gangare.

Amsa: Abin da muka koya a Islamiyya, malamai suna raba abu biyu, abin da yake da jiki wanda ke hana ruwa taɓa fata kamar jan farce, da abin da launi ne kawai ya rage. Lalle bayan an kankare shi launi ne, ruwa yana ratsawa, shi ya sa iyayenmu suke ƙunshi suna sallarsu. Amma lokacin da ƙullun yake kan girar dole ki cire kafin alwala tunda gira cikin fuska take. Akwai kuma wani na zamani kamar jel da yake bushewa a ɓare shi kamar leda, shima sai an ɓare tas.

Hadisin Ibn Mas'ud da ke Bukhari da Muslim ya ambaci mai tsige gashin gira da wadda ake tsige wa, da mai yin zanen allura a fata da wadda ake yi wa. Lalle ba tsigewa ba ne ba kuma allura ba, amma inda mata ke faɗawa shi ne wajen gyara siffar kafin a sa, sai a ɗauko reza. Ki sa shi a kan girar yadda Allah ya yi ta. Wanda ake tsattsaga fata da 'yar wuƙa a cusa launi ya shekara kuwa wannan wani babi ne daban, ki zauna da malaminki ki masa bayanin yadda ake yinsa dalla dalla kafin ki je.

Tambaya: Bikina saura sati uku Anti, inaso in sa ana gobe kamu. Yayi? Amarya daga Bukuru.

Amsa: Allah ya sanya alheri ya kawo kazantar ɗaki amarya. Ana gobe kamu bai yi ba. In baki taɓa sawa ba ki gwada a wannan satin, ki ga yadda launin yake zama a fatarki da kwana nawa yake yi, in siffar bata miki ba akwai lokacin da zai koɗe. Na bikin kuma ki sa saura kwana biyu ko uku don ya gama yin duhu, in ba haka ba ranar kamu da gira ruwan goro zaki fito a hoto. Kar ki haɗa shi rana ɗaya da dilka ko halawa, fatar da aka dirje ko aka ɗaye tana da ƙananan raunuka da ido baya gani, ki bada tazarar kwana biyu. In kuma masu gyaran jiki sun haɗa miki man ƙarin haske kina shafawa a fuska, ki haƙura da lallen girar gaba ɗaya, fatar ta riga ta yi laushi da yawa. Ki faɗa wa mai mekup ɗinki tun da wuri don ta san da shi, kuma ranar ƙunshi ki sa ido, cikin hayaniyar ƙawaye ne ake cewa kawo in ɗan taɓa miki girar da baƙin.

Tambaya: Hajiya ni namiji ne amma ina bin filin nan saboda maiɗakina. Furfura ta fito min a gemu har da gira, ina sa lalle a gemu, zan iya kaiwa girar? Mai shago daga Terminus.

Amsa: Alhaji sannu da kasuwa, mun gode da bibiya. Zaka iya, da sharuɗɗan da na faɗa a amsar farko. Sai dai farin gashi yana shan lalle fiye da baƙi, zai fito jawur kamar yadda kake gani a gemun. In kana so ya sauko ruwan ƙasa, bayan ka wanke lallen sai ka bi da garin ganyen baba da aka kwaɓa da ruwan ɗumi a take, shi baya son jira kamar lalle, minti 15 zuwa 20 ya isa. Garin ganyen zalla nake nufi, banda ruwan marina ko shunin rinin kaya, waɗannan akwai toka da soda mai ƙona fata. Rina furfura yana da asali, ya tabbata Sayyidina Abubakar yana rini da lalle da katam, wani ganyen rini ne shima, kuma a hadisin Muslim ranar buɗe Makka da aka kawo mahaifinsa Abu Ƙuhafa kansa fari fat, Annabi (SAW) ya yi umarni a canza shi amma a nisanci baƙi. Baƙin da masu aski suke shafawa a gemu da gaban goshi yawancinsa mai PPD ne, kar ka bari burushin ya hau girarka.

Tambaya: Anti na haihu sati biyar kenan, bebin mace ce kuma bata da gira sam. Kakarta tana ja mata da kwalli kullum bayan wanka, ni kuma nace ko in sa mata lalle kaɗan ya huta da ja kullum kafin mu fita arba'in. Maijego daga Rikkos.

Amsa: Barka da arziki maijego, Allah ya raya ta ya albarkace ta. Kar ki sa mata, ko jan lallen ne mai kyau wanda kika daka da hannunki. Akwai wani ƙarancin sinadari a jini da ake gado mai suna G6PD, yana da yawa a Najeriya, yafi yawa a maza amma mata ma suna da shi, kuma yawancin iyaye basu san ɗansu na da shi ba sai abu ya faru. Jaririn da ke da shi, sinadarin lalle na iya ratsa fatarsa ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, sai ki ga ido ya yi rawaya, jiki ya yi fari fat, fitsari ya yi duhu kamar shayi, yaro ya saki ya ƙi nono. Likitoci a ƙasashen Larabawa sun rubuta jariran da haka ta faru da su bayan an shafa musu lalle, har da wanda ya rasu. Ga kuma hannun jariri da baya zama, yanzu zata murtsuke ta kai ido.

Kwallin ma ina so ki duba shi. Nasan abin da muka tashi muka tarar ne, kuma kaka da ƙauna take yi, amma kwallin dutse mai ƙyalli ɗin nan da ake niƙawa yawancinsa dalma ce. A 2011 a birnin Boston na Amurka an samu wani jariri ɗan iyayen Najeriya da dalma a jininsa, da aka bi diddigi aka gwada kwallin da ake sa masa, sama da kashi 80 cikin ɗari dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka tafi, bai kamata mu ɗauke ta da wasa ba. Ita bata nuna alama da wuri, a hankali take taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma hanyar shigarta mai sauƙi ce, yaro ya murza ido ya sa yatsa a baki.

Yadda zaki yi da kaka, kar ki ce mata abinki guba ne, ranta zai ɓaci kuma gobe in kin shiga wanka zata ja. Ranar da zaku koma rigakafin sati shida ki ce ta raka ki, ki yi wa nas tambayar a gabanta, daga bakin ma'aikaciya zata fi karɓa. Girar kuwa tana nan, ki kai bebin bakin taga da safe ki duba da kyau zaki ga ɗan gashi siriri kwance mara launi, jarirai da yawa haka suke zuwa, cikin 'yan watanni zai yi duhu ya fito da kansa. Ranar fita arba'in ki ɗaura mata 'yar hularta mai kyau ki shafa mata man kaɗe a kumatu saboda iskar nan, ya isa.